Sarrafa Saiti da Tafiyar Manuni Tsakanin Gurabe a Fom ɗin Shigar da Bayanai

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban akawun rajista, ko a makaranta ko a asibiti ko a banki, ya ga yadda akawun kan kafa ido a kan takardar da aka miƙa masa, yatsunsa na ta kai da komowa a kan madannai, ba ya ɗaga kai ya dubi fuskar kwamfuta sai jefi-jefi. Abin da ya ba shi wannan natsuwa shi ne ya sakankance cewa duk harafin da ya buga zai faɗa a gurbin da ya dace. In kuwa aka sami akasi, sai sunan uba ya koma gurbin sunan ɗa, ko lambar waya ta zauna a gurbin lambar shaidar ɗan ƙasa. Daga nan kuskuren ya shige rumbun bayanai ya kwanta, har ranar da mai shi zai zo karɓar takardar shaida ko kuɗin fansho a ce masa ba a san da shi ba.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda ake sarrafa wurin da rubutu ke faɗawa a fom ɗin shigar da bayanai, da yadda ake tsara tafiya daga wani gurbi zuwa wani. Za a fara da ma'anar kalmomi, a waiwayi asalin al'amarin, sannan a duba dabarun da ake bi, ta hanyar ɗaukar manhajar Microsoft Access a matsayin abin misali. Bayan haka za a kawo labarin wani haɗari da ya jawo asarar rayuka, a kuma dubi abin da ya shafi makafi da masu rubutu da Hausa. Ra'ayin da maƙalar ta ginu a kansa shi ne cewa ingancin abin da ke cikin rumbun bayanai ya rataya ne ƙwarai a kan abu guda, watau ko manuni yana wurin da ma'aikaci ke zaton yana nan.

2.0 MA'ANAR KALMOMI

Tun da yake kalmomin wannan fanni ba su gama zama daram a Hausa ba, ya kyautu a fayyace waɗanda za a yi amfani da su.

(a) Rumbun bayanai: tarin bayanai da aka ajiye a kwamfuta bisa tsari. Mafi yawan na yau an gina su ne a kan tsarin jadawali wanda Edgar Codd na kamfanin IBM ya bayyana a shekarar 1970.

(b) Rikodi: layi guda na jadawalin, wanda ya ƙunshi bayanin mutum ɗaya ko abu ɗaya.

(c) Gurbi: wurin da aka keɓe wa bayani iri ɗaya, kamar suna ko shekarar haihuwa.

(d) Fom: hoton takardar cikewa da ke bayyana a fuskar kwamfuta, mai ɗauke da gurabe.

(e) Manuni: ɗan tsinken nan mai ƙyafƙyaftawa da ke nuna inda harafi na gaba zai faɗa.

(f) Saiti: matsayin da gurbi ko maɓallin fom yake samu idan shi ne ke karɓar abin da aka buga a madannai.

Kalmar saiti ararriya ce, amma ta daɗe a bakin maharba da makanikai, kuma an zaɓe ta ne domin ta dace da ma'anar. Kamar yadda harsashi ba ya zuwa sai inda aka saita bindiga, haka harafi ba ya faɗawa sai a gurbin da ke kan saiti. A lura kuma, abu ɗaya tak ne kan zama kan saiti a lokaci guda. Haka nan kibiyar linzamin kwamfuta daban take da saiti, domin tana iya kasancewa a saman fuska alhali saiti na can ƙasa.

3.0 ASALIN AL'AMARIN

Wannan matsala ta girmi kwamfuta irin ta zamani. A ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890 an yi amfani da katunan huji na Herman Hollerith, inda matsayin kowane huji a jikin kati shi ne ma'anarsa. A 1928 kamfanin IBM ya fito da kati mai layuka 80 na tsaye, aka riƙa raba layukan nan gurbi-gurbi. Injunan huda kati, irin su IBM 029 na 1964, suna da wata 'yar ganga da ake naɗa wa katin umarni. Katin nan shi ke gaya wa inji inda kowane gurbi ya fara da inda ya ƙare, da gurbin da za a tsallake, da wanda za a kwafo daga katin baya. Ashe ke nan tun a wancan zamani an gane cewa bai kamata a bar wa ma'aikaci ƙirgen matsayi da ka ba.

A 1971 kamfanin ya fito da na'urar IBM 3270, watau fuska da madannai da ke haɗe da babbar kwamfuta. A nan ne fom ya ɗauki siffar da aka san shi da ita. An raba fuska zuwa gurabe kararru da buɗaɗɗu. Maɓallin Tab, wanda aka gada daga tafireta inda ake jera alƙaluma da shi, sai ya zama shi ke kai manuni gurbi buɗaɗɗe na gaba. In ma'aikaci ya yi ƙoƙarin rubutu a gurbi kararre, madannai kan kulle har sai ya danna maɓallin sakewa.

Da ƙananan kwamfutoci suka yaɗu a farkon shekarun 1980, manhajar dBASE ta zama ruwan dare a ofisoshi. A cikinta manuni kan bi gurabe ne bisa jerin da mai tsara manhaja ya rubuta su, kuma da zarar gurbi ya cika sai ƙararrawa ta kaɗa, manuni ya wuce gaba da kansa, sai fa in an ba da umarnin a jira tabbatarwa. Daga baya, a 1987, IBM ya wallafa ƙa'idojin da suka taimaka wajen daidaita al'adar da ake bi har yau: Tab ya kai mutum gaba, Shift tare da Tab su mai da shi baya, Enter kuwa ya zartar da babban umarnin fom.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ake ta wannan wahala bayan akwai linzami? Amsar tana cikin lissafin lokaci. A 1980 Card da Moran da Newell sun ƙiyasta cewa ƙwararren mai buga rubutu kan danna maɓalli cikin kimanin sakan 0.2, ɗauke hannu daga madannai zuwa linzami kan ci sakan 0.4, kai kibiya inda ake so kuma sakan 1.1. Idan aka haɗa zuwa da nuni da dannawa da komowa, sauya gurbi da linzami zai ci wajen sakan 2.1. A ɗauka akawu na cike fom 300 a yini, kowanne da gurabe 20. Sauyi 6,000 ke nan, kuma bambancin da ke tsakanin hanyoyin biyu ya haura awa uku.

4.0 DABARUN SARRAFA SAITI

Manhajar Microsoft Access ta fito a 1992, kuma an yi amfani da ita sosai wajen gina ƙananan rumbunan bayanai. Sunayen umarni kan bambanta daga manhaja zuwa manhaja, amma dabarun kusan ɗaya ne.

4.1 Jerin Tafiya

Kowane gurbi a fom yana da lambar jeri, farawa daga sifiri, kuma maɓallin Tab wannan lamba yake bi. Abin lura shi ne manhajar kan raba lambobin ne bisa yadda aka ƙirƙiri gurabe ɗaya bayan ɗaya, ba ta duba inda aka ajiye su a fuska. Saboda haka idan bayan wata shida aka tuna ba a sa gurbin ƙaramar hukuma ba, aka cusa shi tsakanin jiha da gari, to lambar ƙarshe zai samu. Ido na ganin sa a tsakiya, amma manuni zai tsallake shi, ya dawo masa bayan an gama sauran. Akawun da idonsa ke kan takarda sai ya rubuta ƙaramar hukuma a gurbin gari, gari kuma a gurbin da ke bi masa, a yi ta gocewa har ƙasa. Ƙa'ida a nan ita ce jeri uku su zama ɗaya: na takarda, da na fuska, da na manuni.

Akwai kuma gurabe da ba a buƙatar manuni ya tsaya a kansu, kamar lambar da kwamfuta ke bayarwa da kanta ko jimillar da take lissafawa. Hanya uku ake bi da su. Ana iya cire gurbi daga jerin Tab, amma a bar linzami ya iya shigarsa. Ana iya kulle shi, watau saiti ya shiga a karanta ko a kwafa, amma ba a iya canza kome. Ana kuma iya kashe shi gaba ɗaya, ya dusashe, saiti ba ya shigarsa sam. Mai tsara fom ya kamata ya san wadda ta dace da kowane gurbi.

4.2 Wucewa da Kai

Wannan ita ce dabarar da manuni ke wucewa gaba da zarar gurbi ya cika. Tana da amfani a gurbin da tsawonsa ba ya canzawa, amma tana da tarko. A ɗauki gurabe uku na kwanan wata: rana da wata da shekara. Idan akawu ya buga 5 a gurbin rana, gurbin bai cika ba, dole ya danna Tab. Idan kuwa ya buga 25, manuni ya riga ya wuce da kansa, sai hannu ya danna Tab bisa sabo, a tsallake gurbin wata, lambar wata ta faɗa gurbin shekara. Maganin wannan shi ne a zaɓi hanya ɗaya a tsaya a kanta: ko dai a wajabta alƙaluma biyu kullum, a riƙa buga 05, ko kuwa a bar wucewa da kai baki ɗaya.

A Nijeriya akwai wani ƙarin dalili na yin hattara. Lambar shaidar ɗan ƙasa alƙaluma 11 ce, lambar tantancewa ta banki 11 ce, lambar wayar hannu ma 11 ce idan aka haɗa da sifirin farko. Idan gurabensu na jere kuma saiti ya goce da gurbi ɗaya, binciken tsawon lamba ba zai kama kuskuren ba, domin kowacce ta cika gurbin 'yar'uwarta cif. A irin wannan hali sai a ƙara wani sharaɗin, misali a ce lambar waya dole ta fara da sifiri, ko kuma a raba gurabensu da wani gurbi na haruffa.

4.3 Tsallake Bisa Amsa

Sau da yawa amsar wata tambaya kan sa wasu tambayoyin su zama ba su da muhalli. Idan a fom ɗin asibiti aka nuna majiyyaci namiji ne, babu dalilin tsayawa a gurabe masu tambayar juna biyu. A Access akwai umarnin da ake kira SetFocus, wanda ke ɗauke saiti ya kai shi gurbin da aka ambata. Umarnin ba ya aiki a kan gurbin da aka ɓoye ko aka kashe, don haka sai an fara buɗe gurbi kafin a tura saiti cikinsa.

Inda aka fi yin sakaci shi ne wajen komowa baya. A ce akawu ya zaɓi mace, ya cike gurabe na juna biyu, sannan ya gane ya yi kuskure ya koma ya mayar namiji. Manuni zai tsallake gurabe a wannan karo, amma amsoshin farko suna nan a ciki. In ba a tsara a share su ba, sai rumbu ya ƙunshi namiji mai cikin wata shida. Duk wanda ya tsara tsallake, wajibi ne ya tsara abin da zai sami gurabe da aka tsallake.

4.4 Tsare Saiti Idan An Yi Kuskure

Lokacin da aka canza abin da ke cikin gurbi aka danna Tab, abubuwa shida ne ke aukuwa a jere cikin ƙiftawar ido. Huɗu a tsohon gurbi: gabanin adanawa, bayan adanawa, fita, da rasa saiti. Biyu kuma a sabon gurbi: shiga, da samun saiti. Mai tsara manhaja na iya rataya umarni a kowane mataki, sai dai ba duka ake iya sokewa ba. Matakin gabanin adanawa, wanda manhajar ta raɗa wa suna BeforeUpdate, ana iya soke shi, kuma in an soke, saiti ba ya barin gurbin. Matakin rasa saiti kuwa ba ya sokuwa, domin bakin alƙalami ya riga ya bushe. Don haka wurin da ya dace a binciki ingancin abin da aka shigar shi ne matakin farko.

Masu tsara manhaja da harshen Visual Basic sun sha fama da wannan a shekarun 1990. Sukan sa bincike a matakin rasa saiti, su umarci saiti ya komo in an sami kuskure. To, amma kafin ya komo ya riga ya taka gurbi na biyu, wanda shi ma babu kome a cikinsa, sai shi ma ya nemi a komo masa. Gurabe biyu su yi ta jan saiti tsakaninsu, saƙon kuskure na fitowa ba ƙaƙƙautawa, har sai an kashe manhajar. Sai a fitowa ta shida, a 1998, aka ƙara mataki na musamman domin bincike kafin saiti ya motsa.

Ko da an tsare saiti ta hanyar da ta dace, akwai tambayar ko ya kamata a tsare shi. Idan aka ce ba a fita gurbin ranar haihuwa sai an cike shi, ga kuma dattijo a tsaye wanda bai san ranar ba sai dai ya ce shekarar kaza ce, akawu ba shi da zaɓi illa ya ƙirƙiro rana. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ɗaya ga Janairu ta yi yawa a rajistoci. Tsarewar da aka yi don kare gaskiya sai ta haifi ƙarya. Abin da ya fi shi ne a tanadi amsar "ba a sani ba", a bar maɓallin Esc ya warware abin da aka buga, a kuma jinkirta binciken da ya haɗa gurabe da yawa har zuwa lokacin adana rikodi.

4.5 Shiga Gurbi da Ƙarshen Rikodi

Idan saiti ya shiga gurbin da ke da rubutu, Access kan haskaka rubutun duka, sai fa in an canza wannan tsari. Ma'anar haka ita ce harafin farko da aka buga zai shafe abin da ke ciki. Wannan ya dace da mai sauya tsohon bayani, amma haɗari ne ga mai dubawa kawai. Haka kuma idan aka danna Tab a gurbin ƙarshe, manhajar kan adana rikodin ta wuce na gaba ba tare da tambaya ba. Ga mai shigar da sababbin takardu wannan sauƙi ne. Ga mai gyaran rikodin mutum ɗaya kuwa, yana iya samun kansa yana rubutu a kan bayanin wani. An tanadi zaɓin da zai sa manuni ya riƙa kewayawa a cikin rikodi ɗaya, kuma shi ya fi dacewa da fom ɗin gyara.

5.0 IKO A HANNUN WA?

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa tambaya ɗaya ce ke ta maimaituwa: wa zai ja ragamar manuni, na'ura ko ma'aikaci? Manhajar CSPro, wadda Ofishin Ƙidaya na Amurka ya fitar a 2000, aka kuma yi aikin ƙidaya da binciken gidaje da ita a ƙasashe da dama har da na Afirka, ta fito da tambayar fili ta hanyar ba da zaɓi biyu. A tsari na farko iko na hannun ma'aikaci, yana iya zuwa duk gurbin da ya so. Wannan ya dace da mai kwafe takardun da aka riga aka cike, domin aikinsa shi ne ya shigar da abin da ke rubuce, ko da mai cikewar bai bi ƙa'ida ba. A tsari na biyu iko na hannun na'ura, ba a kauce wa hanyar da amsoshi suka shata. Wannan kuma ya dace da mai yin tambayoyi baki da baki, domin kada ya manta tambaya ko ya yi wadda ba ta da muhalli. Ke nan babu tsarin da ya fi wani a ko'ina. Irin aikin ne ke nuna wanda za a ɗauka.

6.0 DARASI DAGA THERAC-25

Therac-25 na'ura ce ta gasa ciwon daji da haske mai ƙarfi, wadda kamfanin makamashin nukiliya na Kanada ya ƙera. Tsakanin 1985 da 1987 an san haɗurra shida inda ta zuba wa majiyyata haske fiye da ƙima. Ko da yake ba rumbun bayanai ba ce, ta fom ake ba ta umarni, kuma biyu daga cikin haɗurran, waɗanda suka auku a garin Tyler na jihar Texas a watannin Maris da Afrilu na 1986, sun shafi tafiyar manuni kai tsaye.

Ma'aikaciyar ta ƙware, hannunta da sauri. Ta buga harafin x a gurbin nau'in haske, ta ga kuskure ne, e take nufi. Sai ta hau sama da maɓallin kibiya ta gyara, ta yi ta danna Enter har ta sauko ƙasa, ta kunna na'ura. A fuska kome daidai yake. Abin da ba ta sani ba shi ne manhajar kan ɗauki isowar manuni layin ƙarshe a matsayin alamar an gama shigarwa, ta fara daidaita maganaɗisun na'ura, aikin da ke cin kimanin sakan 8. Gyaran da aka yi aka gama a cikin wannan ɗan lokaci ba ya isa ga dukkan sassan na'urar. Sai wani sashe ya bi sabon umarni, wani ya zauna a kan tsoho. Majiyyacin farko an rubuta masa awo 180 na haske, amma an ƙiyasta ya sami tsakanin 16,500 da 25,000. Shi da na biyun duk sun rasu.

Matakin wucin gadi da kamfanin ya ɗauka shi ne ya rubuta wa asibitoci cewa a daina gyara da maɓallin kibiyar sama, a ma cire murfinsa. Nancy Leveson da Clark Turner, waɗanda suka wallafa binciken al'amarin a 1993, sun nuna cewa laifin ya wuce maɓalli guda, ya haɗa da yadda aka tsara manhajar da yadda aka dogara da ita ba tare da kariya ta ƙarfe ba. Darasin da mai tsara fom zai ɗauka biyu ne. Na farko, kada a ɗauki matsayin manuni a matsayin shaidar an gama aiki. Na biyu, a gwada fom da hannun ƙwararre mai sauri, mai komawa baya, domin mai gwaji a hankali ba zai taɓa cin karo da irin wannan kuskure ba.

7.0 MAKAFI DA MASU RAUNIN HANNU

A yau fom da yawa ta intanet ake cike su, kuma masu cikewar sun haɗa da waɗanda ba sa iya amfani da linzami. Makaho kan dogara ne ga manhajar da ke karanta masa abin da ke kan saiti, saboda haka jerin tafiyar saiti shi ne fom ɗin gaba ɗaya a wurinsa. Ƙa'idojin sauƙaƙa shafukan intanet da ƙungiyar W3C ta fitar a 2008 sun tanadi sharuɗɗa a kan haka. Daga cikinsu akwai cewa jerin saiti ya kiyaye ma'ana, a riƙa ganin abin da ke kan saiti, kada saiti ya shiga inda madannai ba za su iya fitar da shi ba, kuma shigar saiti kaɗai kada ta canza shafi. Waɗannan sharuɗɗa an yi su ne domin masu larura, amma akawu mai lafiya ma yana cin moriyarsu.

8.0 ABIN DA YA SHAFI MAI RUBUTU DA HAUSA

Akwai matsaloli uku da ɗalibin Hausa zai fi kowa saurin ganewa.

Ta farko ita ce jerin suna. Bahaushe kan faɗi sunansa, sannan na mahaifinsa, wani lokaci ya ƙara da na garinsu, kamar yadda ake gani a sunayen Aminu Kano da Shehu Shagari. Fom da yawa kuwa da sunan iyali suke farawa. Idan akawu ya tambayi mutum sunansa alhali manuni na gurbin sunan iyali, musanya ta auku ke nan. Mutum ɗaya sai ya zama biyu a rumbuna biyu, ya shiga yawon neman takardar rantsuwa.

Ta biyu ita ce haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Idan tsarin madannai ya dogara ga maɓallin Alt wajen fitar da su, ana iya samun karo, domin a Windows wannan maɓalli shi ne ke ɗauke saiti daga gurbi ya kai shi jerin umarni na sama. Haka nan fom ɗin da aka ce kada ya karɓi kome sai haruffan Ingilishi zai tsare saiti a kan suna kamar 'Yar'aduwa ko Sa'adatu, saboda alamar hamza da ke ciki, har sai an ɓata rubutun sunan.

Ta uku ita ce ajami. Tun da daga dama yake farawa, fom ɗin da aka shirya dominsa dole manuni ya fara daga gurbin dama ya yi hagu, in ba haka ba hannu da ido za su saɓa.

9.0 KAMMALAWA

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa tafiyar manuni, duk da ƙanƙantarta a ido, tana daga cikin abubuwan da ingancin rumbun bayanai ya dogara a kansu. An ga yadda al'amarin ya faro daga katin huji, da dabarun da ake bi wajen jera gurabe da tsallake su da tsare saiti a cikinsu, da kuma abin da kan biyo baya idan na'ura ta fahimci abu daban da wanda ma'aikaci ke nufi. A taƙaice ana iya ba mai tsara fom shawarwari huɗu: ya daidaita jerin manuni da jerin takarda, kada ya motsa saiti ta hanyar da ma'aikaci bai zata ba, in ya tsare saiti ya bar ƙofar fita, sannan ya ajiye linzami gefe ya cike fom ɗinsa da madannai kaɗai kafin ya miƙa wa jama'a.

Ga ɗaliban Hausa kuwa akwai aiki a gaba. Kalmomin da aka yi amfani da su a nan, irin su saiti da manuni da gurbi, shawara ce kawai, kuma ana fata malamai da 'yan'uwa ɗalibai za su auna su, su gyara inda ya kamata. Haka kuma akwai buƙatar a yi nazarin yadda fom ɗin hukumomi da makarantu ke karɓar sunayen Hausawa da haruffansu, domin a gano inda ake samun tangarɗa, a kuma ba masu tsara su shawara.